Ruwan da Ya Ƙi Motsi a Gilashi

"Ki tambaye shi," na ce da Hindou, "injin nan, yaushe rabon da wani ya leƙa cikin tukunyarsa?"

Wanda za a tambaya ɗin yana zaune a gefenta, tsakanina da shi bai wuce tsawon teburin cin abinci ba. Yana shafa wa burodi man gyaɗa. Hindou ta juya za ta buɗe baki, ya riga ta.

"Na ji, Gwaggo."

Ɗana ne, na fari. A gidanmu ba a kiran sunan ɗan fari, ba a haɗa ido da shi, ba a yi masa magana kai tsaye in dai akwai wanda za a aika. Ranar da aka yaye shi uwata ta ɗauke shi, a hannunta ya girma. Ya ji 'ya'yan yayyena suna ce mini Gwaggo, shi ma ya bi. Shekara talatin na yi ina koyar da kimiyya a makarantar 'yan mata a Zariya, ina hana su yarda da abu don kawai an faɗa, amma wannan al'ada ban taɓa zaunar da ita na tambaye ta dalilinta ba. Da na zo Greensboro, a jihar Carolina ta Amurka, aikin ido a 1996, na sauka a ɗan gidan hayarsu na unguwar Glenwood, sai ga al'adar ta biyo ni. Matarsa Hindou, 'yar Maraɗi, ita ta zama wayar tarho a tsakaninmu.

Digirinsa na uku yake yi a fannin injina. Malaminsa ya ba shi wata na'urar awon ƙarfi, ya ce ya kai ta bikin tsofaffin injinan noma da ake yi a wani fili bayan Pleasant Garden. Manoma kan fito da injinan tururi na kakanninsu, su hura musu wuta, a gwada wanda ya fi ƙarfi a gaban 'yan kallo.

"Injin Mista Vernon shekararsa tamanin yana aiki," ya ce, idonsa a kan burodi. "Ko sau ɗaya bai taɓa ba da matsala ba."

"Ki ce masa shekara tamanin yana tsatsa ke nan."

"Gwaggo ta ce Allah ya tsare," in ji Hindou.

Haka take yi. Wata huɗu tana ɗaukar maganata, ta kankare mata ƙaya a hanya, ta miƙa masa da laushi. Ba ta taɓa yin haka da mugun nufi ba.

"Mutumin nan tun yana ɗan shekara goma sha biyar yake tuƙa shi," ya ce. "Kuma nan Amurka ce, Gwaggo. Komai sai da takarda."

"Ya ga takardar?"

"Ka ga takardar, Dokta?" Da wannan sunan take tsokanarsa tun bai gama karatun ba.

Ya kurɓi shayi. Bai gani ba.

"Ki ɗauko mini mayafina," na ce. "Da ni za a."

Ƙarfe goma sha ɗaya muka isa. Filin ciyawa ne mai ɗan gangare, an jera injina bakwai ko takwas, baƙaƙe, kowanne kamar kan jirgin ƙasa da aka sauke daga dogo aka sake shi a gona. Warin kwal da man inji ya cika wurin, ga ƙaurin naman alade daga rumfuna, ga wasu dattawa a bayan mota suna kaɗa molo irin nasu. In ban da mu uku da wata mai sayar da lemo, ban ga baƙar fata ba. Wata mata ta shafa atamfata ta ce ta yi kyau, ta tambaya ko ba na jin zafi a ciki.

Abin awon ba shi da wuyar ganewa. Wili ne na ƙarfe a kan tirela, an kewaye shi da katako kamar birki. Ana ɗauko dogon bel daga ƙaton wilin injin a maƙala masa, taku ashirin da biyar tsakaninsu. Inji ya juya, mai awo kuma ya riƙa murɗa wani ɗan sitiyari yana matse katakon, inji yana ƙara nishi, sikeli yana nuna iya abin da ya ja. Akwai durom a sama da ke tsiyayo ruwa kan wilin don kada katakon ya kama wuta. Mai awon shi ne ɗana. Wurin tsayuwarsa daidai saitin hancin injin.

Hindou ta kafa mini kujera a inuwa, ta bayan injin inda direba ke tsayawa, jikin igiyar da aka ja don tsare 'yan kallo. Igiyar shanya ce, taku biyar daga bakin murhu. Iyaye sun jingina da ita, yara a wuya.

Mista Vernon dogo ne, ya haura saba'in, wuyansa ja, taba cike da kumatu. Mai lasifika ya ce da safe injin maƙwabcinsa ya ja ƙarfin doki casa'in da huɗu, Vernon kuma ya rantse sai ya kai ɗari ko da zai ƙona hularsa.

"Ga kuma Garzali daga jami'a, ya zo tun daga Afirka don ya hana mu sharar ƙarya!"

Aka yi dariya, aka tafa. Ɗana ya ɗaga hannu yana murmushi. Na kawar da kai kamar yadda na saba.

Aka fara. Bel ya miƙe, injin ya shiga tari, kowane tari sai ƙasa ta amsa a tafin ƙafata. Sittin. Saba'in da biyu. Tamanin. Mai lasifika yana kira, jama'a suna ihu, hayaƙi da tururi suna tashi sama kamar an kafa ginshiƙi.

Ubana direban jirgin ƙasa ne zamanin kwal. Ina 'yar shekara tara ni ke kai masa abinci loko, wurin ajiyar kawunan jirgi, kuma da yake ba shi da ɗa namiji a gida a lokacin, ni yake ɗorawa kan inji yana nuna wa abubuwa. Abu na farko da ya nuna mini gilashin ruwa ne, wani bututu tsawon taƙi a gaban direba, mai nuna inda ruwa ya kai a cikin tukunya. Rufin murhu faranti ne na ƙarfe, wuta a ƙarƙashinsa, ruwa a kansa. Muddin ruwa ya rufe shi, lafiya. In ya bushe sai ya yi ja, ya yi laushi, tururin da ke danne da shi ya yaga shi. Ya taɓa nuna mini wani inji da aka jawo bayan hakan ta faru. Direban da fayaman ɗinsa, mai zuba masa kwal, likkafani ɗaya aka yi musu.

Da bara ne, yanar ido ba za ta bar ni in ga ko Vernon ɗin ba. Amma an wanke mini idanu biyun, gilashin nan kuma yana saitina.

Ruwa yana tsakiya. Daidai inda ake so.

Sai dai ba ya motsi. Matar da ke kusa da ni tana riƙe da kofin lemo, lemon yana rawa saboda jijjigar ƙasa. Allurar awon tururi tana rawa. Maɓallin rigar Vernon yana rawa. Ruwan da ke jikin injin kansa yana tsaye cak kamar an zana shi da biro.

Na dubi agogona. Na ce wa kaina tsohuwa ce ni, shekara sittin rabona da loko, mutumin nan kuwa kullum yana kai. Minti biyar. Ya kalli gilashi, ya gamsu, ya watsa kwal. Minti goma. Ya kalli gilashi, ya watsa kwal. Ko sau ɗaya hannunsa bai je kan famfon ƙara ruwa ba, don me zai je, gilashi ya ce akwai. Duk farin abin da ke fita ta bututun sama kuwa ruwa ne. Tukunyar da ake ɗiba ba a ƙarawa kuma ba ta raguwa, a tatsuniya kaɗai na santa. Ƙofar gilashin ta toshe da dattin ruwan rijiya, abin da ke ciki ruwan safe ne da ya maƙale. Ga shi kuma an ajiye injin hancinsa yana kallon gangare, ɗan ruwan da ya rage ya tattara can gaba ya bar murhu.

"Casa'in!" in ji lasifika.

Abu ɗaya ya rage mana, shi ma ubana ne ya faɗa mini. Inji in yana jan nauyi, ruwan cikinsa kumfa yake yana tasowa, kamar madara a kan wuta, kuma wannan kumfar ce ke lasar farantin. Da an sauke nauyin farat ɗaya, kumfa ta kwanta, faranti ya tsaya tsirara a kan wuta. Duk wanda ka tambaya zai ce a tsayar da inji a ƙara ruwa. Ubana ya ce waɗannan biyun su ne ke kashe mutane. A bar inji yadda yake, a binne wutar tukuna.

Taku talatin ne tsakanina da ɗana. Ƙafafuna lafiyarsu lau. Sai na juya na damƙi hannun Hindou.

"Je ki ce masa gilashin ruwa ya toshe. Kada ya taɓa sitiyarin nan, kada ya ƙara, kada ya rage. Ya sa a gaya wa tsohon ya binne wutar."

"Gilashin me, Gwaggo?"

"Ya toshe! Fashewa zai yi. Kada ya rage, kin ji? Maza!"

"Dakor, dakor," ta ce da Faransancinta, wato to, to.

Ta kutsa cikin mutane. Na bi ɗankwalinta da ido har ta kai saitinsa, ta rankwafa kan igiya, ta haɗa tafukanta a baki. Daga baya ta gaya mini abin da ta ce, tana kuka. Ta ce masa hankalin Gwaggo ya tashi, ta ce injin zai fashe, don Allah ya kashe abin nan. Ta tace maganar yadda ta saba, ta ƙara mata abin da duk mai hankali zai ƙara.

Ya ɗago kai ya hango ni. Zai iya yi mini gardama a kan burodi, amma bai taɓa jin an ce hankalina ya tashi ya tsaya tambaya ba. Na ga kafaɗarsa ta karkata hagu. Yana kwance sitiyarin.

Tarin injin ya fara laushi.

Ban san yadda na tsallake igiyar ba. Na dai ga kaina ina gudu a gefen bel, yana wucewa ta saitin kunnena yana huci, mayafina ya tafi, takalmi ɗaya ya tafi. Wani mai rigar lemu, cikin masu tsaron wurin, yana ihu a bayana. Na faɗa kan tirelar, na ɗora hannuwana biyu a kan nasa.

Rabon da in taɓa shi tun ranar yaye.

"Mayar."

"Gwaggo?"

"Mayar da shi inda yake. A hankali. Dube ni nan! Tukunyar ba ruwa, kumfa ce ke riƙe da ita. In ka saki ta kwanta."

Injiniya ne. Ban sake maimaitawa ba. Na ga maganar ta shige shi, launin leɓensa ya koma toka. Ya murɗa dama, kaɗan kaɗan, injin ya dawo da tarinsa mai kauri.

"Casa'in da bakwai!" in ji lasifika, jama'a suka ɓarke da sowa.

"Riƙe shi a nan. Kada ka ƙara, kada ka rage, komai ka ji."

Na bar shi na koma da gudu. Mai rigar lemu ya tare ni da hannu biyu, na bi ta ƙarƙashin hammatarsa. Na tsaya a gindin matakalar injin, zafin murhu yana dukan fuskata, na ɗauko Turancin da na yi shekaru ina tsawata wa ɗalibai da shi.

"Gilashinka ya toshe. Buɗe famfon gwaji na ƙasa."

Ƙananan famfuna uku ne jere a gefen gilashi, an yi su ne saboda ranar da gilashi zai yi ƙarya. Na Vernon sun yi kore don rashin taɓawa.

"Madam, koma bayan igiya."

"Minti ashirin ba ka ƙara ruwa ba. Ina yake samowa?"

"Shekara hamsin da biyar ina kan injin nan, madam. Wani ya zo ya ɗauke matar nan!"

"To buɗe na ƙasan. In ruwa ya fito, zan karɓi lasifika in ba ka haƙuri a gaban kowa, in ce tsohuwa ce rana ta taɓa."

Ya dube ni, ƙafa ɗaya ba takalmi, furfura ta leƙo ta gefen ɗankwali. Ya tofar da taba. Don ya rabu da ni kawai ya sa ƙyalle ya murɗa famfon.

Fito ya yi, tururi siriri, busasshe. Ko ɗigo babu.

Ban taɓa ganin fuska ta tsufa da sauri haka ba. Hannunsa ya tafi kai tsaye kan famfon ƙara ruwa. Na haye matakalar na riƙe wuyan hannun da duk nauyina.

"Kada ka ƙara ruwa! Farantin ya yi ja. Ƙasa, binne wutar!"

Muka tsaya haka, shi yana ja ina ja. Sai ya saki. Ya sani. Wani ya taɓa gaya masa shi ma, da daɗewa, hannunsa ne kawai ya manta.

"Ya Ubangiji," ya ce. Ya take ƙofar iska ya rufe ta, ya daka wa mai rigar lemu tsawa: "Ƙasa! Kawo ƙasa! Ka kori mutanen nan!"

Jan ƙasar Carolina, bayan wata biyu ba ruwan sama, bulo ce. Shebur ya daka ya yi tsalle. Wani ya tuna da ramin yashi a can ƙarshen fili inda suke wasan jifa da takalmin doki, maza uku suka ruga da bokitai. Na ƙiyasta nisan da ido, ya yi yawa.

Mai lasifika ya ce jama'a su ɗan ja da baya, akwai ƙaramar matsala. Suka ja taku goma suka tsaya, wasu suka ɗaga kyamarorin bidiyo. Hindou ce ta kore su. Ta shiga cikinsu tana ihu da Faransanci da Hausa, ta fizge keken jaririn wata ta ruga da shi, uwar ta bi ta, sauran suka ga gudu suka bi.

Mutum ya fi ɗari biyu a wurin nan, da yaransu. Zan so in ce don su na yi. Ban tuna da ko ɗaya ba. Na sauka daga injin na koma wurin ɗana.

Durom ɗin da ke sanyaya wilin ya ƙare. Awon minti goma aka shirya, ga shi an doshi rabin sa'a. Katakon ya fara hayaƙi, wari kamar an ƙona turmi.

"Ɗaure shi a nan ka gudu," na ce. "Ba za a iya ɗaure shi ba?"

"Ba zai yiwu ba. In ya yi zafi kamawa yake. Sai ina sassautawa ina matsewa." Yana magana hannunsa yana aiki, kaɗan hagu, kaɗan dama, idonsa a kan sikeli. "In na bar shi zai cije, bel ya fice."

"To nuna mini. Ni zan riƙe."

"Gwaggo."

"Nuna mini na ce! Ni na gama rayuwata."

Na ture shi da kafaɗa na kama. Ƙarfen ya yi zafin da sai da na ji shi a haƙorina. Katakon ya cije, sitiyarin ya fizge, ya watsar da hannuwana kamar ba hannu ba, allurar sikeli ta yi sama, bel ya yi ƙara ya karkace zuwa bakin wili. Ya cafke. Ya sassauta. Bel ya yi lilo, ya yi lilo, ya dawo tsakiya.

"Kada ki sake," ya ce. Bai taɓa yi mini magana da wannan muryar ba. "Ki tafi wajen Hindou."

"Rufe baki ka riƙe."

Bokitin farko ya iso. Daga inda muke ba ma ganin Vernon, sai hancin injin da ya cika mana ido, baƙi, zagaye, da kusoshi kewaye. Hayaƙin sama ya sauya daga baƙi zuwa ruwan ƙasa. Bokiti na biyu. Masu kawowa suna ajiyewa daga nesa su juya da gudu, tsohon yana sauka da kansa yana ɗauka.

"Minti nawa zai ɗauka?"

"Ban sani ba."

"Kaka bai faɗa ba?"

"Bai faɗa ba."

Gumi yana zuba daga haɓarsa kan sitiyarin yana ƙafewa nan take. Na cire ɗankwalina na tura masa ƙarƙashin tafin hannu ɗaya, ɗayan bai iya ɗagawa ba. Yana da tabo a gira ta hagu. Ban san da shi ba, ban san yaushe ya same shi ba, ban san wa ya wanke masa jinin ba.

Ni na tsayar da shi a nan. Da na yi shiru tun farko, wataƙila da an kai ɗari an gama lafiya. Da na bar shi ya kwance, da yanzu ya yi nisa. Kowane tari na injin ruwa ne ke ƙara fita, wutar kuma ba a san iya abin da ya rage mata ba. Na yi lissafin ta gaba, na yi ta baya, bai ba ni amsa ɗaya ba. Bakina yana ta Hasbunallahu, kaina yana ta lissafi.

"Ƙarfinsa yana raguwa," ya ce. "Tamanin da biyar."

"Bi shi a hankali. Kada ka riga shi."

"Tamanin."

Katakon ya kama da wuta, harsuna ƙanana suna leƙowa ta gefen wili suna lasar gashin hannunsa. Bai matsa ba.

"Saba'in da huɗu. Gwaggo, in wani abu ya faru, Hindou..."

"Karanta mini sikeli."

"Saba'in."

Sai ƙarar ta zo.

Ba zan iya kwatanta ta ba. Wani farin abu ya fashe daga ƙarƙashin injin ya haɗiye shi gaba ɗaya, da ƙugi kamar sama ta yage. Na tsinci kaina a gabansa, bayana ga injin, hannuwana a buɗe, kamar ƙashin tsohuwa zai tare tan goma na ƙarfe. Toka mai zafi da yashi suka yi mana ruwa. Na jira.

Ƙugin ya ci gaba. Abin da ya fashe ba ya ci gaba da ƙugi.

A tsakiyar farantin nan akwai wata kusa mai cikin dalma, an sa ta don ta narke kafin ƙarfe ya narke, tururi ya feso ya kashe wuta. Ta Vernon datti ya rufe ta shekara da shekaru, sai yanzu ta ga dama. Bel ya rage gudu. Na fara ganin ɗinkinsa yana wucewa, sau ɗaya, sau biyu. Ya yi sanyi, ya saki ciki, ya tsaya.

Filin ya yi tsit, sai huci da kukan wani yaro daga nesa.

"Saki," na ce.

Bai saki ba. Yana kallon sikeli, allura tana kan sifili.

"An gama. Saki."

"Ba sa buɗuwa."

Na ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya. Na dama, wanda ba ɗankwali, fatar tafin ta zauna a jikin ƙarfen. Mai sayar da lemon nan ita ta fara isowa, tana jan akwatin ƙanƙararta a ƙasa, ta zube kwalaben a ciyawa, ta ce, "Sa su nan, ɗana, sa su nan." Muka durƙusa mu biyu a gaban akwatin, na riƙe masa wuyan hannu a cikin ruwan. Hindou ta iso ta faɗi a bayansa ta rungume shi, ba ta ko ji nauyina ba.

Aka wuce da Vernon a kan gadon ɗaukar marasa lafiya, hannunsa da rabin wuyansa a naɗe da jiƙaƙƙen tawul. Ya sa aka tsaya a saitinmu. Ya daɗe yana kallona, leɓensa yana motsi. Sai ya juya ga ɗana.

"Nawa muka kai?"

"Casa'in da bakwai."

"Na dai wuce maƙwabcin nan," ya ce, ya rufe ido, aka tafi da shi.

Ƙanƙarar ta fara narkewa, ruwan ya yi ja-ja. Jikinsa ya shiga karkarwa, haƙoransa suna haɗuwa. Da ya ɗan lafa, ya ɗago ya dube ni, ido cikin ido, ni ma ban kawar ba.

"Gwaggo, da na saki, da ta fashe?"

"Wataƙila."

"Amma riƙewar ita ce daidai. Kin tabbata."

Shekarata tara sa'ad da na ji maganar, a bakin mutum ɗaya, yana cin tuwo. Ban taɓa ganin an gwada ba. Ban taɓa karanta ta a littafi ba.

"Ban tabbata ba," na ce.

Ya dubi injin, ya dubi inda ya tsaya, ya dubi hannuwansa a cikin ruwa. Na ji jijiyar wuyan hannunsa tana bugawa a ƙarƙashin yatsuna, da sauri, da ƙarfi. Masu motar asibiti suka zo suka ce in sake shi su duba. Sai da suka faɗa sau uku.